Haƙorin Garzali

Ba abin da ake gani a fuskar Garzali sai idanu da goshi. Daga ƙasan hanci zuwa haɓa wani shuɗin ƙyallen roba ya rufe, an huda shi a tsakiya, haƙori ɗaya tal ya leƙo ta hudar, turmi na can ƙurya a muƙamuƙin ƙasa. Dokta Safiyyatu ta sunkuya a kansa, idonta a madubin ƙara girma, tana bin ramin saiwar haƙorin da wata 'yar allura siririya kamar gashi. Aikinta ke nan, kuma a kansa aka san ta a Doha. Haƙorin da wasu likitoci suka yanke wa hukuncin cirewa, ita sai ta buɗe shi, ta fitar da ruɓaɓɓiyar jijiyar, ta wanke ramukan, ta toshe, mai shi ya koma yana tauna nama da abinsa.

"Auta, ka ci amanar haƙorin nan," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Shayin karak da safe, karak da rana, sukari kamar ba gobe. Ga ƙarfen walda da kake riƙewa da baki, sai ka ce Allah bai ba ka hannu ba."

Idanunsa suka yi dariya. Ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, autan Inna, mai walda a wani gareji a Sanaiya, unguwar masana'antu da leburori da ke bayan gari. Ita ce ta yi masa hanyar zuwa ƙasar. Ita ce kuma ta zaɓa masa wannan lokaci, hutun rana, sa'ad da asibitin ke rufe har la'asar, ta kuma ce ya biyo ta baya ya kira ta a waya ta buɗe masa. Ƙofar bayan nan ita ce ake shigo da katan-katan na magani, ake fitar da shara. Ta ce masa ta fi kusa da ɗakinta, kuma gaskiya ne ta fi kusa.

Takun takalmi mai tsini ya taso daga baranda. Kafin Safiyyatu ta gyara zama, manajar asibitin ta turo ƙofa, ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa. Ta manta wayarta ne ta dawo ɗauka, ta ga fitila a kunne. Idonta bai tsaya a kan likita ba, ya zarce kan manyan takalman aiki da suka zaro daga ƙarshen kujera, da shuɗin kayan aikin da tartsatsin wuta ya hudahuda.

"Wane ne wannan, Doktora?" ta tambaya da Larabci.

Amsar ba ta da wuya. Amma a watan da ya wuce an sa wani lebura ya jira a waje saboda wata matar manya ta toshe hanci, kuma a cikin watannin nan ne za a naɗa shugaban sashen gyaran jijiyar haƙori, sunan Safiyyatu na cikin waɗanda ake dubawa. Duk wannan ya gifta mata kafin ta haɗiye yawu.

"Ɗan garinmu ne," ta ce. "Ba shi da kowa a nan, shi ne nake taimaka masa."

"Masha Allah, kina da kirki," in ji manajar. "Amma a feshe ɗakin kafin la'asar."

Ta fita. Safiyyatu ta mayar da idonta kan madubi. Shekarun da Garzali ya yi a Sanaiya sun ishe shi jin Larabcin da bai wuce wannan ba, ta san da haka. Roba ta rufe masa baki, ba halin magana. Ya dai lumshe idanu, bai sake buɗe su ba har ta gama.

Da ta cire robar ya tashi zaune, ta yi ta zuba bayani da sauri, kamar mai gudun shiru. Ta ce ta cire jijiyar, ta sa magani a ciki, ta rufe da ciko na wucin gadi. Zafi zai tafi, amma tafiyar zafi ba warkewa ba ce, haƙorin yanzu kamar ɗaki ne da aka rufe da zana. Lallai ya dawo mako mai zuwa ta toshe ramukan har ƙasa.

"Kuma ka ji ni da kyau, kada ka yarda kowa ya cire maka shi. Haƙorin nan zai rayu, ni na gaya maka. Ka ji?"

"Na ji, Yaya," ya ce, leɓensa a karkace saboda allura. "Na gode. Allah ya ƙara ɗaukaka."

Ya tattara takardar da ta shimfiɗa masa a kujera don kada kayansa su ɓata ta, ya dunƙule ya sa a aljihu. Da kansa ya nufi ƙofar baya, bai jira rakiya ba.

* * *

Mako ya zo ya wuce. Ta kira shi, ya ce foman ya hana fita, ana gaggawar wasu ƙofofin ƙarfe na wani gini a Thumama. Mako na gaba ya ce motar kamfani ba ta shigo gari ba. Daga nan ya koma amsa saƙo da kalma biyu, lafiya lau. Mutumin garinsu Malumfashi kuwa in ya dage da cewa lafiya lau, wanda ya san shi sai ya tashi tsaye.

A da, kowace Juma'a bayan masallaci yana gidanta na Aziziya. Ya ci tuwon shinkafa miyar kuka har ya kwance maɓallin wuya, ya goya 'yarta Bilqis a kafaɗa suna zagaya falo tana ihun Kawu ya zama raƙumi. Yanzu Juma'a sai ta zo ta wuce, kwanonsa a kife. Ranar ce kaɗai hutunsa, ranar ce kuma asibitin ke kulle.

Abin haushin, a kan irin wannan matsalar take bincike. Shekara biyu tana tattara labarin marasa lafiyar da aka fara wa gyaran jijiya suka yi zama na farko, ba su dawo na biyu ba. Za ta gabatar da sakamakon a babban taron likitocin haƙori da ke tafe, kuma kowa ya san wanda ya yi fice a taron shi zai ɗauki kujerar sashen. Ta riga ta samo amsarta, tsaf da ita: rashin sani ne. Zafi ya tafi, mutum ya ɗauka ya warke. Likitoci na son amsar da laifinta ke kan mara lafiya, ta fi daɗin karantawa a gaban jama'a.

Wata Alhamis da yamma mijinta Haladu, injiniya a kamfanin gas, ya same ta a teburin cin abinci ta baza takardu.

"Wai ni ina Garzali ne? Bilqis ta dame ni da tambaya. Kun yi faɗa ne?"

"Faɗan me? Aiki ne ya yi masa yawa."

"Safiya, aikin bai hana shi cin tuwo ba duk shekarun nan. In kin ce in je in ɗauko shi gobe, sai in je. Ko mu tafi tare."

Ta juya biro a hannunta. Ba ta taɓa taka Sanaiya ba, sai dai ta hango hayaƙinta daga babban titi. Amma ba nisan ne ya riƙe ta ba. In ta je, dole ta dubi idonsa, in ta dubi idonsa dole ta ce wani abu, a gidansu kuwa babba ba ya ba ƙarami haƙuri da baki. Tun suna yara, in Inna ta doke ka bisa kuskure, ba za ka ji komai daga bakinta ba, sai dai da daddare ka tarar an ƙara maka tsoka a kwano. Haka aka rene su, haka kowa ke fahimtar kowa.

"Bari taron nan ya wuce, Abban Bilqis," ta ce. "Amma gobe ka biya ka kai masa saƙo."

Washegari tun da safe ta shiga kicin ta yi dambun nama, ta daka shi ya yi laushi sosai yadda ba sai an tauna ba, ta cika babban kwano mai murfi. Haladu ya kai. Da ya dawo ya ce ya same shi a bakin masaukinsu, ya fito fuskarsa naɗe da rawani irin na leburori, ido kaɗai a waje, kamar yadda duk suke yi saboda rana da ƙura. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce a gaishe da Yaya, a ce ya ga saƙo.

Ta ji sanyi a ranta. Ya ga saƙo, ke nan ya gane. Da Inna ta kira daga gida tana tambayar ko tana ganin ɗan'uwanta, ta ce ai ko yau ta aika masa dambu.

* * *

Cikon ya fita ne tun makonni kafin zuwan dambun, yana cin gurasa da wake a bakin gareji. Ya ji ɗan dutse a baki, ya tofar, harshensa ya faɗa rami. Kwana biyu ba abin da ya ji. A na uku haƙorin ya fara bugawa, ba irin zafin farko mai tsira ba, wani mai nauyi daga can ƙasa, kamar ana daka a cikin ƙashi.

Wanda ya fara lura shi ne Bawah, dattijon makanike daga zangon Kumasi, wanda gadonsa ke ƙarƙashin na Garzali a ɗakin da suke kwana su da yawa. Bawah ya ba shi kanumfari ya cusa a ramin da auduga. Da kanumfari ya gaza, aka koma ƙwayoyin kashe zafi da ake sayarwa a ɓoye a bayan kantin unguwar, biyu da safe, biyu da rana, daga baya aka daina lissafi. Wani ɗan ɗakinsu ya rantse da ruwan batir, ya ce ɗigo ɗaya ke kashe tsutsar. Garzali ya gwada. Dasashinsa ya yi fari ya saɓule, bugun kuwa yana nan.

Neman izinin fita abu ne da kowa ke tauna shi kafin ya furta. Foman ba ya zagi, ba ya duka, sai dai ya dube ka ya ce, "Yalla, je ka huta," kowa kuma ya san wanda ya cika hutawa shi ne farkon wanda kafil, ubangidan da ke riƙe da takardunsu, ke mayarwa gida in aiki ya ja baya. Duk da haka, ranar da kumatunsa ya fara tasowa, Bawah ya ja shi kusan da ƙarfi zuwa asibitin ma'aikata. Suka yi layi tun hantsi. Likitan da ya duba shi, wani gajiyayyen mutum mai furfura, ya haska ya girgiza kai, ya ce mugunya ta taru a ƙasa, ba wata dabara sai a cire yau ɗin nan.

Garzali ya sauko daga kujera.

"Kai, yaro, kana da hankali?" in ji Bawah da suka fito. "Bari su cire shi, khalas, shi ke nan. Ni haƙori nawa na bari a ƙasan nan? Ga ni ina cin nama."

"An ce kada in bari a cire, Baba Bawah. Wadda ta fara aikin ta ce zai rayu. Ta fi wannan sanin haƙori."

"Wane ne shi?" in ji Bawah, da Hausarsa ta zango mai mayar da mace namiji.

"Wata likita ce." Ya kau da kai. "'Yar garinmu ce."

"To mu je wurinshi mana!"

Suka je. Bayan kwana biyu aka aike su kai ƙofar ƙarfe wani gida kusa da Aziziya, Bawah ya karkata motar ɗaukar kayan ya tsaya a bayan asibitin. La'asar ta wuce, an buɗe, motoci masu sheƙi sun cika gaban ginin. Garzali ya ƙwanƙwasa ƙofar baya. Shiru. Ya sake. Ya ciro waya ya dubi sunanta, ya tuna yanzu tana sunkuye a kan bakin wani babban mutum, ya mayar da wayar aljihu. Ya zagaya ta gaba, yana bin jikin bango.

Bai taɓa ƙofar ba. Yana matsowa gilashin ya rabe biyu da kansa, sanyi da ƙamshi suka bugi fuskarsa. Mata cikin baƙaƙen abaya zaune a kujerun fata, wani yaro na wasa da waya, wata ma'aikaciya na zuba gahawa a ƙananan kofuna. A bango, cikin jerin hotunan likitoci, ga Yayarsa da farar riga, tana murmushin da ya sani tun tana bin sa da kwanon koko a tsakar gida. Wani daɗi ya kama shi har ya manta da bakinsa. Sai kuma ya ga matar da ke teburin karɓar baƙi ta ɗago, idonta ya sauka kan takalmansa. Za ta tambaye shi wurin wa ya zo. In ya faɗa, za a kira Yaya ta fito gaban mutanen nan, a sake tambayarta wane ne wannan, ta sake shiga halin da ya ga ta shiga ranar nan. Ba fushi yake yi da ita ba, ko kaɗan. Tausayinta yake ji.

Ya ja da baya. Gilashin ya haɗe.

"Ba ta nan," ya ce wa Bawah da ya shiga mota. "Mu tafi, kada foman ya neme mu."

Ranar da kwanon dambu ya iso, bakinsa ba ya buɗuwa fiye da shigar cokalin shayi. Ya buɗe murfin, ya shaƙi ƙamshin, ya gane hannunta, ya gane kuma abin da take cewa. Ya miƙa wa 'yan ɗaki suka cinye, shi ya wanke kwanon ya ajiye a ƙarƙashin matashi, da niyyar ya mayar mata da kansa in kumburin ya saɓe.

* * *

Zauren taron a wani babban otal yake a bakin teku. Safiyyatu ta tsaya a gaban ɗaruruwan likitoci, hoton saiwar haƙori ya cika allon bayanta, ta yi magana ba gargada. Ta nuna yadda haƙorin da aka bari a buɗe ke komawa matattarar ƙwayoyin cuta, yadda mugunya ke iya ratsa ƙashi ta gangara ƙarƙashin harshe ta shaƙe maƙogwaro. Ta ce maganin abin shi ne wayar da kan marasa lafiya. Aka tafa mata sosai. Wayarta na cikin jaka a ƙarƙashin kujera tana ta kunnuwa tana mutuwa.

Sai a wurin shan shayi ta duba. Lambar Garzali ce, kira a kan kira. Har ta yi murmushi, ta ce dambu ya yi aiki. Ta kira, wata tsohuwar murya ta ɗauka, da Hausar mutanen Gana wadda ba ta raba mace da namiji.

"Madam Dokta? Ni Bawah, ɗakinmu ɗaya da Garzali. Ka zo babban asibiti yanzu-yanzu. Wuyanshi ya kumbura, ya faɗi a wurin aiki, numfashi ba ya fita."

Kofin ya kuɓuce mata. Ba ta tambayi komai ba, don ba abin da za ta tambaya wanda ba ta gama bayaninsa a kan allo ɗazu ba.

Ta tarar an shiga da shi tiyata. A barandar wani dattijo ne zaune da kayan aiki masu maiƙo, hularsa a hannu, ya miƙe da ya gan ta, ya gane ta ba tare da an nuna masa ba. Ya daɗe yana kallon goshinta, goshi irin na Garzali. Haladu ya iso daga wurin aiki, suka zauna su uku, aka kira la'asar suna nan zaune.

Likitan tiyatar da ya fito ya san ta, sun taɓa haɗuwa a taro. Wannan ya sa bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ce sun huda maƙogwaro sun sa bututu, sun buɗe wuya sun kwashe mugunya, sun cire haƙorin. Amma abin ya riga ya gangara ƙirji, ya shiga jini, ga sukarinsa ya hau ba wanda ya sani. Ya ce a yi addu'a. Ya ƙara da cewa, cikin jin haushi irin na abokan sana'a, wani ne ya fara masa aikin jijiya mai kyau ƙwarai, ya bar shi ya tafi.

Aka bar ta ta leƙa shi. Wuyansa ya yi faɗin kansa, fuskar ta ɓace cikin bandeji da bututu, ba abin da ake gani sai idanu da goshi. Idanun a rufe suke. Ta kama hannunsa mai kaushi, duk tabon tartsatsi, ta sunkuya daidai kunnensa.

"Auta, ni ce. Ka yi haƙuri. Ka ji? Ka yafe mini."

Karon farko ke nan da wani babba a gidansu ya faɗi haka da baki. Na'ura ce kawai ta amsa mata. Kafin magariba ya cika.

Daga baya wata ma'aikaciya ta fito da allo a hannu tana tambaya da Turanci ko akwai ɗan'uwan mamacin a nan, ko kuwa kamfaninsa za a kira. Bawah, da yake shi ya kawo shi, ya matsa gaba da guntun Turancinsa.

"Ba shi da kowa a nan. Wannan madam 'yar garinsu ne kawai, yana taimakonshi."

"Ƙanena ne!"

Muryar ta fito da ƙarfin da ya sa mutanen baranda suka waiwayo. Ta sake faɗa da Turanci, ta faɗa da Larabci, ta koma Hausa. "Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goya shi." Ma'aikaciyar ta ce to, ta rubuta, ta nuna mata inda za ta sa hannu. Ko a jikinta, tambaya ce da take yi kullum.

Bawah ne ya tsaya baki buɗe.

"Bai taɓa faɗi ba," ya ce a hankali. "Wallahi bai taɓa faɗi ba. Har wurin aikinka na kai shi. Ya buga ƙofan baya, ba kowa. Ya je na gaba, na ga ƙofa ya buɗe mishi, ya tsaya, ya dawo. Ya ce ba ka nan." Ya share ido da hularsa. "Likita ya ce a cire, ya ƙi. Ya ce ka ce zai rayu."

Ta nemi a ba ta haƙorin, aka kawo mata a 'yar kwalba. Hannunta ya yi abin da ya saba, ya ɗaga kwalbar saitin fitila. Bangon haƙorin lafiya lau, saiwoyin ba tsaga, ramukan da ta buɗe suna nan tsaf yadda ta bar su. Ba ta yi ƙarya ba, haƙori ne mai rayuwa. Zama ɗaya ya rage masa. Ta miƙa wa Bawah kwalbar, ta roƙe shi in an zo suturta shi a sa masa abinsa a cikin likkafani.

* * *

A Doha aka binne shi, Inna ta ce ƙasar Allah duk ɗaya ce, kada a wahalar mata da yaro. Ba ta tambayi yadda ciwon haƙori ya kashe ƙanen likitar haƙori ba. Ta dai ce, "Na san kin yi iya ƙoƙarinki." Bawah ya kawo kayansa gidan Aziziya a jaka ɗaya, da kwanon dambu a wanke, a naɗe cikin tsumma mai tsabta.

Bayan kwanakin zaman makoki ta koma aiki. Manajar ta riga ta aiko mata saƙon ta'aziyyar ɗan garinsu, tare da albishir cewa an ba ta kujerar sashen. Ta ajiye mota a gaban ginin, ta fito, ta nufi ƙofa.

Gilashin ya rabe biyu. Ta tsaya a inda take zaton ya tsaya, sanyi da ƙamshi suka bugi fuskarta, ta hango hotonta a bango yana murmushi. Ta ja da baya taku biyu, gilashin ya haɗe. Wani mai share harabar, ɗan wata ƙasa mai nisa, ya gifta da tsintsiya da bokiti, kayan aikinsa shuɗi, takalmansa duk ƙura. Ko kallon ƙofar bai yi ba. Ƙofar ta buɗe masa da kanta, ta ɗan jira, ta rufe.